Duban Hadarin Malam Ɗanjuma

A Riruwai, in damina ta yi nisa, Malam Ɗanjuma ake tambaya labarin ruwa. Da safe masu wankin kuza suka zo, ya dubi kan dutse ya ce ruwa yanzu aka fara. Da hantsi masu yankan gero suka zo, ya ce ruwa ya ɗauke.

Haushi ya ishi matarsa Maijidda.

"Malam, don girman Allah, in shanya kuɓewar nan ko in bari?"

"Shanya abinki, ko ɗigo ba za a yi ba."

Ta baza kuɓewa a tabarma. Tana juyowa ta gan shi yana lallaɓawa ɗaki da buzunsa a hammata.

Ta ce, "Au! Buzun kaɗai ka gaya wa gaskiya?"