Rigar da Ba Ta da Baya

Tela ya tsayar da bidiyon daidai inda mawaƙiyar ta juya, ya ɗora tef ɗin awo a kan gilashin wayar, ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa ta. Bayan rigar yake nema, bai same shi ba.

Da safe ne Auta, 'yarsa mai shekara goma sha huɗu, ta ajiye masa jan yadi a kan keken ɗinki, ta ce irin wannan rigar za ta sa a liyafar ƙarshen zango ta ajinsu. Ya ce ko a mafarki. Ta naɗe yadinta ba fushi, ta ce ba komai, za ta kai wa sabon telan tsallaken titi, shi ba ya yawan tambaya. Saurayi ne mai awo yana taunar cingam. Tela ya fizge yadin. Gara ya ɗinka da hannunsa, ya saci taƙi nan, ya ƙara taƙi can, ba tare da ta lura ba.

"Ikon Allah," in ji mai aski, maƙwabcinsa, daga bakin ƙofa. "Tela, da furfurarka? Har da awo?"

"Aiki nake yi."

"Na ga aiki. Ƙara murya mu taya ka."

"Bar shiririta, zo ka duba. Me ya riƙe rigar nan? Ba hannu, ba wuya, ba zif."

Mai aski ya shigo, ya daɗe yana kallo. "Addu'ar iyaye ce kawai," ya ce. "Mayar baya, ban gani sosai ba."

Kafin a jima shagon ya cika. Direban tasi da ya zo karɓar wandonsa ya rantse gam aka shafa mata. Mai gyaran waya ya ce babu riga ma, kwamfuta ce ta zana. Wata mata ta shigo karɓar kayan makarantar 'ya'yanta, ta ga ƙattin maza sun haɗa kai wuri guda, ta leƙa, ta kwashi kayanta ta fita ko sallama babu.

Ba a daɗe ba matarsa ta kira.

"Baban Auta, an ce ka buɗe gidan kallo a shago."

"Bincike nake yi."

"To, in ka gama binciken ka taho da sabulu."

Ya kori jama'a, ya hau keken ɗinki. Ya yi wa rigar baya. Da ya ga bayan ya zauna, sai ya ga ai kafaɗa ma tana da hakki. Daga kafaɗa hannu ya biyo, daga hannu wuya. Da ya rataya ta, mai aski ya leƙo ya tambaya ko labulen wane ofis ne.

Tela ya tsaya yana kallonta. Auta ba za ta sa wannan ba, tsallaken titi za ta nufa. Ya ɗauki almakashi. Ya cire hannu ɗaya, ya zauna ya huta, ya cire ɗayan. Ya zaftare wuyan, ya sauke bayan kaɗan kaɗan, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana neman inda yarinyar za ta yarda shi kuma numfashinsa bai ɗauke ba. Tun da ya fara sana'a bai taɓa yanka wa 'yar kowa riga haka ba, sai ga shi a kan tasa.

Da aka tashi daga makaranta Auta ta shigo da ƙawarta. Suka kalli rigar, suka kalli juna, dariya ta ƙwace musu.

"Baba, wannan ai ta tsufa."

"Ta tsufa? Da safen nan kika kawo ta."

"Mawaƙiyar ta saki sabuwar waƙa da rana. Duba."

Ya karɓi wayar. Ga mawaƙiyar cikin wata ƙatuwar kwat ta maza, har idon sawu, maɓallai har haɓa, hannayen sun haɗiye yatsunta. Hancinta kawai ake gani sosai.

"Kowa wannan zai sa," in ji Auta. "Za ka iya?"

Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Ya yi maza ya ɗaure fuska, don ya san in ta ga abin ya burge shi, an gama.

"Wannan buhun? Ban yarda ba. Me mutane za su ce?"

"Haba Baba, kai ba ka san yayi ba."

"Sai na yi tunani."

Suka fita suna ƙunƙuni. Ya jira har suka sha kwana, sannan ya leƙa shagon mai gyaran waya, ya rage murya.

"Mawaƙiyar nan, tana daɗewa da kaya iri ɗaya?"

"Ina fa. Wani satin ma kana iya ganin ta da zare biyu."

Tela ya matso kusa. "To ya ake yi mutum ya riga yara sani?"

Mai gyaran waya ya nuna masa inda masoyanta ke dannawa don bin shafinta, da 'yar ƙararrawar da ke gefe mai sanar da mutum da zarar ta saki sabon abu. Tela ya goge babban yatsansa a jikin wando, ya danna duka biyun.