Mai Kumfa ta Baban Amarya

Katanga ɗaya ce tsakanina da Priskila a Gangaren Tudu, kuma gajeriya ce, don haka duk abin da ya faɗi a gidanta sai ƙararsa ta iso tsakar gidana. Ni Huraira ina sallata, ita tana zuwa cocinta, gishiri da daddawa kuwa ta kan katangar nan suke wucewa. Na san shekarun da mijinta Malachi ya yi yana sha. Makanike ne mai hannu, amma burkutu ta cinye shi har da kayan aikinsa. Na gaji da ganin matar nan ta ɗaura wani koɗaɗɗen zane, ta zura silifas, ta bi gidajen giya tana nemansa. In ta jawo shi gida, magana ɗaya ce a bakinsa: "Maman Anjelina, sau ɗaya ne." Har 'yan unguwa sun haddace.

Sai da cikinsa ya kumbura aka kwantar da shi, likita ya ce ya zaɓa, ko kwalba ko rai, sannan ya bari. Kuma ya bari da gaske. Ya koma gareji, ya yi kumatu, har a coci aka ba shi kwandon baiko yana zagayawa da shi ana zuba kuɗi. Shekaru suka tafi a haka, amma Priskila ba ta taɓa sakin jiki ba. Ko turaren da ya cika ƙarfi ba ta yarda a shigo mata da shi ɗaki.

Sai ga auren 'yarsu Anjelina ya taso. Yaron Bayarabe ne, Seun, haifaffen nan Keffi, yana aiki a wani babban otal a Abuja, shi ke zaɓa wa manyan baƙi abin da za su sha. Yaro mai ladabi, ba ni da abin cewa a kansa. Damuwar a wajen al'ada take. A dangin su Malachi, mutanen wajen Agwada, ranar da aka kawo kayan aure yarinya ce ke zuba abin shan da dangin miji suka kawo, ta durƙusa ta miƙa wa ubanta. In ya kurɓa, ya bayar da ita. In ya ajiye kofin, sai a kwashe kaya a koma. Da can burkutu ce a ƙwarya, yanzu zamani ya mai da ita kwalba.

Wata safiya Priskila ta leƙo ta katanga, idonta ya faɗa.

"Maman Akram, ban yi barci ba," ta ce. "Kurɓa ɗaya ta ishe shi. Na san mijina."

Na ce, "To ki gaya wa yaron mana."

"Anjelina ta yi mini kuka, wai kada dangin mijinta su san ubanta ya taɓa kwana a kwata. Ga yayansa Natan ya aiko daga ƙauye, wai kada a kawo musu ruwan zaƙi kamar yara, a kawo na gaske."

Can sai ta ɗago. Ai akwai mai kumfar nan, ta ce, wadda ake buɗewa a biki ta yi ƙara. Na ce ƙwarai kuwa. Wace ce a Keffi ba ta san ta ba? A sunan Akram ɗina mun sha, a walimar saukar ɗiyar limaminmu an sha. Ruwan inabi ne da siga, ko jinjiri ka ba shi sai dai ya yi gyatsa. Mu a saninmu duk kwalbar da aka naɗe wa wuya da takarda mai ƙyalli, aka ɗaure bakinta da waya, to ita ce. Priskila ta ce shi ke nan, a saya wa su Natan tasu, uban yarinya kuma a ce mai kumfa yake so. Babu wanda zai tambayi dalili.

Ranar sayayya Seun ya zo da mota, ya ce Mama ta zo ta zaɓa da kanta. Ta ja ni rakiya zuwa shagon kayan sha na wata Nkem da ke kan hanyar Abuja. Ni dai a bakin ƙofa na toge. In wani ya hango hijabina a tsakanin kwalabe, kafin in isa gida labari ya riga ni. Daga nan nake jiyo Seun, bakinsa ya buɗe, an zo fagensa.

"Mama, wannan ja ce, daga Faransa, da jan nama take tafiya. Wannan ta Ajantina ce, ta fi nauyi, za ta yi wa su Baba Natan daidai da naman akuya. Farar nan kuma daga Afirka ta Kudu, sai ta yi sanyi, da kifi ake sha."

Ya ɗaga wannan, ya juya waccan, yana ta lissafa ƙasashe kamar mai sayar da tikitin jirgi. Rana ta take, ƙafata ta yi tsami. Priskila tana ta "to, to", ba ta gane komai, kuma ba ta damu ta gane ba. Abu ɗaya ya kawo ta.

"Babanta mai kumfa yake so," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Fuskar yaron ta washe. "Ashe Baba ya san abu mai kyau." Ya wuce waɗanda ke jibge a ƙasa kusa da lemo, irin namu na biki, ko kallonsu bai yi ba. Ya sa aka sauko masa da wata daga can sama. "Wannan daga Italiya take, Mama. Ba zan ba surukina ta kowa da kowa ba."

Priskila ta duba wuyan kwalbar, ga takarda mai ƙyalli, ga waya. Ta juyo ta kalle ni, na gyaɗa mata kai daga bakin ƙofa. A mota har ta yi gyangyaɗi, barcin da ta daɗe ba ta samu ba.

Ranar Asabar aka kafa rumfa a ƙofar gida. Dangin ango sun zo da manyan ɗaurin kai, mutanen ƙauye sun jeru a benci, ni ina wajen tukwane ina zuba shinkafa. Aka yi addu'a, aka yi jawabai har mutane suka fara hamma. Sannan Seun ya buɗe kwalbar, ta yi ƙara, kumfa ta zubo. Anjelina ta cika kofi, ta taka a hankali, ta durƙusa a gaban ubanta.

Malachi ya karɓa yana murmushi. Ya kai kofin kusa da baki, sai murmushin ya ɗauke. Hancin da ya yi shekaru a gidan giya ba ya mantuwa. Ashe giya ce a kofin. Ya nemi matarsa da ido, ita kuwa tana yi masa alama da hannu, sha mana, na gyara komai. Ya sauke kofin zuwa gwiwarsa. Uwar ango ta gyara zama, Natan ya yi gyaran murya.

"Baba," in ji Anjelina, idonta ya ciko.

Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sannan ya rufe ido ya sha.

Guɗa ta tashi, kuma ta Priskila ta fi ta kowa. Bisa al'ada ya miƙa wa matarsa sauran. Ta kurɓa tana dariya, sai na ga ta tsaya da abin a baki, ta kasa haɗiyewa, ta kasa tofarwa a gaban surukai. Ludayin hannuna ya faɗa cikin miya. Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a lokacin ba, kuma na ji haushin ƙasar Italiya gaba ɗayanta.

Biki dai bai tsaya ba. Aka ci, aka yi rawa, Seun yana ta zagayawa yana tambayar mutane ko ja ta yi musu. Priskila tana gaisawa da baƙi, bakinta na murmushi, idonta na kan kujerar mijinta. Wajen la'asar aka kira ta ta raka dangin ango mota. Kafin ta dawo kujerar ba kowa, kwalbar ma ba ta kan tebur.

Ba ta yi ihu ba. Ta shiga ɗaki, ta cire ɗaurin kan biki, ta fito da koɗaɗɗen zanen nan da silifas. Ashe duk shekarun nan ba ta yar da su ba.

Na bi bayanta, ba mu yi nisa ba. A bayan gida muka same shi, kusa da turken awaki, zaune a kan tsohuwar taya, kwalbar a tsakanin ƙafafunsa, saura kaɗan a gindinta. Ya ɗago ya kalle ta, hawaye na bin kumatun da ta yi shekaru tana ciko masa.

"Maman Anjelina," ya ce, "sau ɗaya ne."

Ta jawo wani bulo ta zauna kusa da shi, ta miƙe ƙafa.

"Maman Akram," ta ce, ba ta ko dube ni ba, "ki je ki sallami baƙi. Ki ce musu Baban amarya ya gaji."