Takardar Ƙunshin Ƙosai

Ni Alisabatu, shekara goma sha ɗaya ina shara a wani ofishin gwamnati a Jalingo, tun muna ƙarƙashin Gongola har aka ba mu Taraba. Na kwashe ƙazanta iri-iri, amma wadda har yau take tayar mini da zuciya, mai digiri ne ya yi ta.

A ofishin akwai ɗan ɗakin karatu da Malam Andrawus ke kula da shi. Ba mai shiga sai shi da ni da tsintsiyata. Da zumuntar matan cocinmu a Majidaɗi suka buɗe ajin yaƙi da jahilci, na shiga da furfurata, 'yan mata suna ta dariya. Shekara biyu na fara haɗa baƙi. Wata safiya Malam Andrawus ya kama ni ina bin bangon wani littafi da yatsa.

"Mama, in kin gama shara ki zauna," ya ce. "Littafi ba ya cizo."

Ya zaɓo mini wani ƙarami mai koren bango, na Hausa, kan jikin mutum da cututtuka. Ba a fita da littafi daga ɗakin, saboda haka kullum shafi ɗaya nake yi, wani lokaci rabi, in sa tsinken tsintsiya inda na tsaya. Kai! Ashe zuciya famfo ce. Ashe a cikin ruwan da kake gani garai-garai akwai halittun da ido ba ya gani. Sai in koma gida in tsaya ina kallon randata kamar yau aka kawo ta.

Akwai abin da ban gaya wa Malam Andrawus ba. Ɗana Matiyu ya mutu yana da wata goma sha huɗu, gudawa kwana uku, ya bushe a hannuna. Ranar da ciwon ya fara, facalata Rose, matar ƙanin mijina, ita ta goya shi muka je rafi ɗiban ruwa. Tsofaffi suka ce ta kama masa kurwa, ni kuwa na yarda. Shekara tara ban gaishe ta ba. A coci in ta zauna dama, ni hagu. To, a jerin babin littafin nan na ga an rubuta gudawar yara, shafi na hamsin da takwas. Ina kan na hamsin da ɗaya. Da na so da na tsallake, amma tsoro nake ji, na ce bari in isa a hankali.

Sai aka kawo mana sabon darakta, Dakta Nelson. Ranar Alhamis ina goge taga ya shigo ɗakin, tumbinsa a gaba yana biye, ya ce nan zai mayar wurin jiran baƙi. Ya nuna manyan littattafai masu rubutun zinare a gadon baya.

"Waɗannan a jera su bayan kujerata. A zaɓi masu tsawo ɗaya."

"Ranka ya daɗe, ai tsofaffin rahoton awon ruwan sama ne," in ji Malam Andrawus.

"To, wa zai buɗe?"

Na ɗauka sai an yi makonni, yadda aikin gwamnati yake. Juma'a na tafi garin Mutum Biyu jana'iza. Litinin na dawo na tarar da kujerun kushin da fanka da kalanda, babu ko takarda ɗaya. Malam Andrawus ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce an zuba sauran a buhuna, masinja ya raba wa masu ƙosai da masu tsire, kamar yadda aka saba yi da tsofaffin fayil.

Na shiga wurin darakta na durƙusa. "Ranka ya daɗe, akwai wani ƙaramin littafi da nake karantawa."

Ya yi dariya har kujera tana motsi. "Mama, ke da karatu? Jarrabawa za ki rubuta, ko ƙarin girma kike nema? Je ki share baranda."

Tir! Mutum ya je har ƙasar waje ya dawo, bai san abin da ake yi da karatu ba sai neman kujera. Wallahi ji na yi kamar na taka kashin kare da ƙafa ba takalmi. Na ɗauki tsintsiyata na fita.

Kwana uku ina bin masu suya da sassafe kafin in tafi aiki. Na ga taswirar duniya an naɗe tsire da ita, na ga akuya tana cin lissafi. A rana ta uku, a unguwar Sarkin Dawaki, na tarar da Sa'adatu mai ƙosai tana fifita wuta da koren bangon. Bango kawai, cikin duk ya tafi.

"Sa'adatu, ina takardun?"

"Ayya Mama, na jiya ne. Takarda mai kyau, tana shan mai. Duba can inda suke zubarwa."

Kwata ta nuna mini. Na ɗaure zani na shiga, ƙudaje sun tashi buu, masu sayen ƙosai suna cewa tsohuwa ta zare. Ina ɗaga takardu ɗaya-ɗaya ina duba lamba, wata da yaji, wata an fyace majina a ciki. Can ƙarƙashin ɓawon rake na sami hamsin da takwas, an yage kusurwa, mai ya jiƙa ta har rubutun baya yana leƙowa.

A nan tsaye na karanta, da yatsa, baƙi-baƙi. Ta ce gurɓataccen ruwa ke kawo ciwon. Ta ce abin da ke kashe yaro ƙarewar ruwan jikinsa ne, a dinga ba shi tafasasshen ruwa da ɗan gishiri da sukari. Na sake karantawa. Gishiri da sukari, duka biyun suna cikin ɗakina ranar da Matiyu ya mutu. Ruwan rafin kuma ni na ba shi da hannuna.

Ban je aiki ba. Na wuce gidan Rose da ƙafafuna yadda suke, na same ta tana wanke-wanke. Ta miƙe, hannunta da kumfa, tana kallona. Sai na miƙa mata takardar.

Ta juya ta gaba da baya. "Yaya, ai kin san ban iya karatu ba."

Na ce, "Zauna, ni zan karanta miki."