Madubin Ilaria

Tun ranar da 'yarmu Ilaria ta fara hawa babur, ubanta yake bin ta a baya. Mijina Osvaldo ba mai yawan magana ba ne, abu ɗaya ya riƙa faɗa mata: "Ki duba madubi, ina nan." Ta kuwa riƙe. Ko kasuwa za su, kafin kowace kwana sai idonta ya faɗa madubi, ta ga fitilarsa, sannan ta kwantar da babur ta sha kwanar.

Da ta cika ashirin sai ta ce ita filin tsere take so, ranar da ake buɗe wa masu baburan titi su zaga. Na ce ban yarda ba. Suka saurare ni da ladabi, kamar yadda suka saba, suka je suka yi rajista. Ranar na bi su a mota da gurasa da cuku da kofi, ina ta mita ni kaɗai.

A can kowa ya durƙusa gaban babur ɗinsa yana rage iskar taya, yana liƙe fitila da madubi da salatif. Doka ce. A fili ba a kallon baya, wanda ke bayanka shi zai san yadda zai wuce ka.

"Baba, to ta yaya zan gan ka?" in ji Ilaria tana liƙe nata.

"Ba sai kin gan ni ba. Ina nan dai."

"Ka dai yi ƙoƙari ka kamo ni, tsoho."

Ta wuce layin sababbi da hularta a ka. Osvaldo ya tsaya wurin awon ƙara. Tun bara nake gaya masa salansar nan tasa tana tayar da unguwa, yana cewa kunnena ne. Mai awon ya kara na'urarsa, ya sa shi ya murɗa, ya girgiza kai.

"Kawu, wannan ba za ta shiga ba."

"Ɗana, sake gwadawa. 'Yata tana ciki."

Ya sake, ƙarar ta ma fi ta farko. Kafin su gama jayayya an ɗaga koriyar tuta, layin ya fice, Ilaria a tsakiya.

Muka tsaya jikin katanga ni da shi, cikin jama'a. Zagayen farko ta wuce lafiya. A na biyu, dab da kwanar da ke ƙarshen miƙaƙƙen titin, na ga hularta ta sunkuya wajen madubi, sannan ta juya kai gaba ɗaya ta waiwaya. Babur ɗin ya yi rawa ya daidaita.

"Ni take nema," in ji Osvaldo.

Ya ɗaga hannu biyu yana kaɗawa, yana kiran sunanta. Wa zai ji? Ko ni da ke gefensa da ƙyar na ji. Ta sake zagayowa, ta sake waiwayawa, wannan karon ta fi daɗewa. Ina da bakin da ya ishi unguwa, amma ranar bai amfane ni da komai ba.

Osvaldo ya ruga wurin mai tuta. "Don Allah a fito da ita, mai jar hular nan. Waiwaye take yi."

"Na gani. In ta zagayo zan nuna mata lambarta ta fito."

Muka jira ta zagayo. Wanda ke gabanta ya wuce, na bayanta suka wuce. Ita ba ta ɓullo ba, sai aka ɗaga jar tutar tsayar da gudu ko'ina, fili ya yi tsit. Osvaldo ya ɗora ƙafa kan katanga zai tsallaka, mutum biyu suka riƙe shi. Ba a taka titin, ko kai waye. Haka muka tsaya muna kallon motar asibiti tana tafiya can bayan tudu, inda ba ma iya gani.

A ɗakin jinya muka same ta zaune, tsakuwa har cikin wuyan rigarta, hannun hagu a karye. Na shirya faɗan da zan yi musu su biyun. Ita ta riga ni magana, tana kallon ubanta sama da ƙasa.

"Ba abin da ya same ka?"

"Ni? Ban ma shiga ba. Salansa ce."

"Na ɗauka faɗuwa ka yi, Baba. Na yi ta dubawa ban gan ka ba."

Ya matsa kusa ya fara cire mata tsakuwar wuyan rigarta. Faɗan nawa kuwa ya bi ruwa.

Da yamma wani mai motar kaya ya ɗauki babur ɗinta. Osvaldo ya ɓare salatif ɗin fitilarsa ya biyo mu a baya, salansar na ta ƙararta. Ilaria tana kujerar gefena, hannu a ɗaure. Muna dosar kwanar farko ta sauke gilashi, ta miƙa hannunta mai lafiya ta karkata madubin ƙofa har fitilarsa ta bayyana a ciki. Na so in ce mata ta daina, amma ban san me zan ce ta kalla ba.