Kafin Ƙarfen Sakiya Ya Yi Ja

Rebeka ba ta gama sallama ba ta hango ƙofar ɗakin a buɗe, gado a gyare, babu Hamna babu dalilinta. Jakar da suka haɗa tare jiya, mai zannuwa da filas da silifas, tana nan jingine a bayan ƙofa.

Ta juyo tsakar gida da sauri.

Yau ne likita ya ce Hamna ta zo a ba ta gado, gobe a shiga da ita tiyata a cire nonon hagu da ciwon daji ya kama. Ba ƙaramar wahala suka sha ba kafin su samu wannan rana. Layin dogo ne, wadda ta bari ranarta ta wuce sai ta koma baya, ƙullutun kuwa ba ya bin layi. Shi ya sa a ƙungiyarsu ta Matan Laraba, matan Jalingo da wuƙar likita ta bi ta ƙirjinsu suka tashi, doka ce ba a barin sabuwar mara lafiya ta kai kanta asibiti. Ana haɗa ta da 'yar rakiya, ta zo har gida ta ɗauke ta. Rebeka ce 'yar rakiyar Hamna. Daga Kona ta taso da hantsi zuwa unguwar Turaki B, mijinta George na waje cikin mota yana jira.

A tsakar gida Umma, mahaifiyar Hamna, na zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa a faifai.

"Mama, ina kwana. Ina Hamna?"

"Lafiya lau. Ya gida, ya yara?"

"Suna lafiya. Hamna fa?"

Umma ta ɗauke wata tsakuwa ta jefar. "Ban sani ba."

"Ba ki sani ba? 'Yarki fa, Mama! Hamna! Yau za a kwantar da ita!"

"Ni ba ni da magana a kan wannan."

Rebeka ta kira wayar Hamna, a kashe. Ta kira ta mijin Hamna da ke aiki a Gembu, bai san komai ba, yana hanyar tahowa. Ta dawo kan tsohuwar. Ta yi roƙo, ta durƙusa, ta miƙe ta ɗaga murya har maƙwabta suka fara leƙe ta saman katanga. Duk lokacin da ta ambaci sunan Hamna sai Umma ta ƙara sunkuyar da kai cikin faifai. Rana na ta ɗagawa. Da ta ga haƙurinta zai ƙare, ta kira Suwaiba, shugabar ƙungiyar da suke kira Adda, wadda gidanta ke nan kusa a Turaki A.

Keke ya sauke Suwaiba tana gyara mayafi. Kallo ɗaya ta yi wa tsakar gidan ta ja Rebeka gefe.

"Da suna kika tambaye ta?"

"To da me zan tambaye ta? Wace irin uwa ce wannan, Adda? Dutse ne a ƙirjinta?"

"Ke kika ɗaure mata baki. Hamna 'yar fari ce. Mu Fulani uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ko wuta yake ci. Tun da aka yaye Hamna aka miƙa ta ga goggonta Kaltume, ƙanwar babanta. Ita ke da iko da ita. Ke kuma kin zo kina rangaɗa mata sunan, ga maƙwabta a katanga."

Suwaiba ta kori masu leƙe da hannu. Ta samu kujera 'yar tsuguno ta zauna, ta ba wa Umma rabin baya, ta kalli bishiyar mangwaro.

"Mu dai," ta ce da bishiyar, "da mun san inda baƙuwar gidan nan ta nufa, da mun bi sawu."

Can Umma ta ɗebi tsakin shinkafa ta watsa wa kaji.

"Ku ci, kaji," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ku kun huta. Ba ku da goggo mai zuwa da asuba ta kwashe ku sai garin Mutum Biyu. Ba ruwanku da Usaini wanzami na bayan kasuwar hatsi, mai cewa ba ya ɗora ƙarfen sakiya a wuta sai ya sallaci azahar."

Faifan ya karkace a hannunta, shinkafa ta zube a tabarma. Ba ta ɗago ba.

Rebeka ta suri jakar asibitin, suka fita da gudu.

"George, Mutum Biyu! Taka!"

"Ba asibiti ba kuma?"

"Taka na ce!"

Sakiya. Duk cikinsu babu wadda ba ta san ta ba. A gasa tsinken ƙarfe har ya yi ja, a soka a kumburi, wai mugun ruwa ya fita. Ga maruru wataƙila a dace. Ga daji kuwa buɗe masa ƙofa ne: ciwo ya ruɓe, likita ya ce sai gyambon ya warke kafin ya taɓa, kafin nan abin ya kai hammata. Sun binne mata biyu a bara da suka bi ta wannan hanya.

Suna fita gari Rebeka ta kira Joan, nas ce a ɗakin mata, ita ma 'yar Laraba ce.

"Ki riƙe mana gadon nan, Joan."

"Har yaushe? Da la'asar likita zai zagayo. In ya ga gado babu mutum zai ba wa wata, kin san akwai masu jira a baranda."

"Ki kwanta a kai in ta kama!"

Damina ta cinye titin. George na kauce wa rami yana faɗawa wani, Suwaiba na baya tana jan carbi, Rebeka na gaba ta kasa zama, sai leƙen rana take ta taga. A Iware garken shanu ya tare hanya, suna tsallakawa a natse kamar titin na ubansu ne.

"Adda, faɗa musu da Fulatanci su yi sauri mana," in ji George. "Ai 'yan uwanki ne."

"Za su ce surukinsu ne ke tuƙi, ba sa gaggawa a gaban suruki," in ji Suwaiba.

Rebeka ba ta yi dariya ba. Ba su yi nisa da Iware ba tayar baya ta fashe. Ita ta riƙe jak, ita ta mirgino safaya, zaninta duk laka. Suna shiga Mutum Biyu suka tarar masallatai sun riga sun sallame azahar, mutane na sa takalma.

Gidan wanzamin bai yi wuyar samu ba. Suka bar George a ƙofa suka kutsa. A wani ɗaki na cikin zaure suka same su: kasko cike da garwashi, tsinken ƙarfe kwance a ciki bakinsa ya fara ja, Usaini na tsugune yana fifita. Hamna na zaune a tabarma ta zame rigarta ta kafaɗa ɗaya, idanunta a kumbure. Goggo Kaltume, doguwa, siririya, ta riƙe mata hannaye ta baya.

"Malam, ajiye mafificin nan!" in ji Rebeka.

Goggo ta dube su sama da ƙasa. "Su wa ke nan kuma? Au, 'yan kai mutane mahauta ne."

Suwaiba ta durƙusa ta gaishe ta da Fulatanci, yadda ya kamata, ba ta tsallake ko gaisuwa ɗaya ba, Rebeka na ta harararta don ƙarfen ƙara ja yake. Sannan ta ce, "Goggo, asibiti na jiran yarinyar nan."

"Ya yi ta jira. Ni na goya ta, ni na aurar da ita, ba zan miƙa ta a yanka ba. Ƙanwata aka yanka, ba ta ga wata damina ba. Matar limaminmu aka yanka, daga asibiti sai makabarta. Daji in ya ji wuƙa haukacewa yake, kowa ya sani."

"Sai da ya fashe aka kai su, Goggo. Na Hamna bai kai nan ba."

"Zancen baki! Duk wadda na ji an yanka, a gidan makoki na ji labarinta. Ku nuna mini mace ɗaya, ɗaya tak, da aka cire wa nono tana yawo da ƙafarta!"

Rebeka ba ta tsaya shawara ba. Ta zura hannu cikin rigarta ta ɓangaren dama, ta zaro abin da ke wurin ta jefa a cinyar Goggo. Ya faɗi tim.

Goggo ta saki Hamna ta yi baya da salati. Usaini ya miƙe, ya ga ƙirjin Rebeka ya shafe ta gefe guda, ya ce "A'uzubillahi," ya yi waje har yana tuntuɓe da zabirarsa.

"Taɓa shi, Goggo, ba ya cizo," in ji Rebeka. "Ƙyallen atamfa ne da gero a ciki. Mu muke ɗinkawa duk Laraba a gidana. Nawa na gaske yana can, likita ya daɗe da jefarwa." Ta ɗaga rigar. Tabo ne dogo, ya bi daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata, ya warke sumul. "Bayan wannan na aurar da 'ya'ya biyu. Bana da hannuna na huɗa gonar gyaɗata."

Goggo ta ɗan latsa ƙunshin geron da yatsa, ta janye. Ta haɗe rai.

"Ku mutanen Kona ƙashinku daban ne. Ba za ki haɗa jikinki da na Bafulatana ba."

"Daji ba ya tambayar yare, Goggo."

"Ni dai na faɗa."

Suwaiba ta sha nuna tabonta ga mata sa'anninta da ƙannenta, amma buɗe jiki a gaban babba, tsarar uwarta, abu ne da tarbiyyarta ba ta taɓa yarda da shi ba. Ta dubi kaskon. Ta dubi Hamna. Ta cire mayafi.

"Kin gane ni, Goggo? A bikin Hamna ni na tuƙa tuwon 'yan kai amarya. Har kika ce wace mai ƙarfin hannu ce wannan."

"Na gane ki. Jikar Ardo ce ke."

"To ki gafarce ni." Ta kau da kai gefe, ta zame riga. Nata tabon a hagu yake, daidai inda na Hamna zai kasance. "Ranar da nake tuƙa tuwon nan haka nake. Bayan an cire na haifi autana Abdulmumin, da ɗayan na shayar da shi har yaye. Muna da yawa, Goggo. Muna kasuwa, muna makaranta, muna gidan biki kusa da ke. Ɓoyewa muke saboda kunya, shi ya sa waɗanda suka mutu kaɗai kike jin labarinsu."

Hamna ta matso da gwiwa, ta miƙa hannu ta shafa tabon a hankali.

"Adda, da zafi?"

"Da zafi. Ba zan yi miki ƙarya ba. In an fara ƙarin ruwan magani gashi ma zai zube, abinci ya fita ranki. Amma kowace rana ɗayarmu na gefenki. Gashin kuma yana dawowa, nawa har ya fi na da taurin kai."

Hamna ta mayar da rigarta kafaɗa, ta miƙe. "Goggo, zan je."

Goggo ta riga ta tsaya a bakin ƙofa. "Haka kawai? Baƙi su zo su ɗauke mini 'ya a gabana, gari ya ji?"

"Wa ya isa?" in ji Suwaiba tana ɗaura mayafi. "Mu 'yan rakiya ne. Asibiti na son uwa da za ta zauna da ita, ta juya ta, ta ba ta ruwa. Wadda ta haife ta kin san ba za ta iya zama a wurin ba. In ba ke ba, wa?"

Goggo ta sunkuya ta ɗauki ƙullin kayanta.

"Ban yarda da ku ba. Zan je ne don in ta mutu, ta mutu a hannuna. Kuma gaban mota zan zauna."

Komawar ta fi zuwan tashin hankali. Joan ta kira ba adadi: likita ya shigo, yana gado na farko, yana na tsakiya, ta aike shi duba wata takardar gwaji, ya dawo. Goggo na faɗa wa George ya rage gudu, Rebeka na dukan bayan kujerarsa ya ƙara. Da suka tsaya a harabar asibiti, Rebeka ta ja hannun Hamna suka ratsa baranda da gudu, jaka na dukan ƙafarta. Suka tarar da Joan tsaye a gefen gadon tana ta shimfiɗa zanin da ta riga ta shimfiɗa, likita na bayanta ya harɗe hannu.

"Ga ta nan, likita! Na ce maka tana hanya!"

Washegari da rana aka turo Hamna daga ɗakin tiyata, ƙirjinta naɗe da bandeji, idanu a rufe. Matan Laraba sun cika baranda, mijin Hamna na jingine da bango. Goggo ta ture kowa, ta kara bayan hannunta a hancin yarinyar. Ta daɗe a haka. Hamna ta motsa leɓe ta ce, "Ruwa."

"Ba yanzu ba," in ji Joan. "Sai ta gama farfaɗowa."

Goggo ta zauna daɓas a tabarmar da ta shimfiɗa a gindin gado. Ta goge fuska da bakin zani, ta yafito Rebeka.

"Ke 'yar Kona, mai nonon gero."

"Na'am, Goggo."

"Ban ce na yarda ba tukuna, sai na ga ta taka da ƙafarta. Amma akwai matar maƙwabcina a Mutum Biyu. Tun kaka take yawo da hannu a hammata, ta ce wai sanyi ne. Jibi Usaini zai gan ta."

Rebeka ta riga ta zaro waya. "George, kana ina? Kar ka cire takalmi. Ka je a gyara tayar nan."