Kyandir ɗin Malam Octavian

"Ashana! Don Allah wa ke da ashana?" Viorica ke ta ihu a kan matakala, tana dukan ƙofofin maƙwabta da tafin hannu. Tsakar rana ce, kowa ya tafi aiki. Ga kyandir a hannunta, amma kwalin ashanarta ya jiƙe sharkaf.

A hawa na uku Malam Octavian yana kakarin mutuwa, tsoho ba mata ba ɗa. A garinsu Braila kuwa ba abin da ake tsoro irin mutum ya cika babu kyandir a kunne a hannunsa. Cewa ake yi cikin duhu zai yi ta lalube a lahira.

Shekara arba'in yana koyar da Turanci, bai taɓa rubuta wa ɗalibi "excellent" ba. "Wannan kalma ta abin da ya zarce sa'a ce," in ji shi, "ba gishiri ba ce da za a barbaɗa a kowace miya." Ita Viorica sau biyu ya kayar da ita a jarrabawa, ta ƙare a masaƙa. Duk da haka wata bakwai ke nan tana kai masa miyar kabeji, tana juya shi a gado, shi kuma yana mitar ta yi tsami. Mutum ne mai wuyar sha'ani, ba ƙarya.

Ta faɗa titi ba takalmi. Wani direban tasi na zuƙar taba.

"Ɗana, kunna min!"

"Inna, lafiya? Biki ake da rana tsaka?"

"Mutum ke mutuwa, kai kana zuba!"

Ya kunna mata. Sai da ta juya ta ga tashin hankali: in ta ruga wutar ta mutu, in ta yi sanɗa shi ya mutu. Haka ta hau, taki ɗaya-ɗaya, tafinta na kare harshen wutar, tana kuka tana cewa, "Jira ni, Malam, kar ka yi min haka."

Ta tarar da shi ido buɗe. Ta cusa kyandir ɗin cikin yatsunsa, ta rufe da nata. Ya dubi wutar, ya dubi ƙafafunta da suka yi baƙi.

"Excellent," ya ce, da kyar ta ji.

"Sai yanzu? Sai yanzu za ka faɗa, tsohon nan?"

Nan ya cika. Kakin ya dinga narkewa yana ɗiga a kan yatsunsu su biyu, ita kuwa ba ta janye nata ba.