Ƙanwata da Ɗinkin Rigar Nono

Ni na koya wa ƙanwata Tsuyako riƙe allura. Duk wanda ya zo yana yabonta a gabana, da wannan nake fara tarbarsa.

Shagon mahaifiyarmu ne a birnin Kobe, mu biyu muka gaje shi bayan yaƙi. Kayan ciki na ƙarƙashin kimono, doguwar rigarmu ta gargajiya, muke ɗinkawa: farar shimi, zanen ciki, da dogon ƙyallen auduga da mace ke naɗe ƙirjinta da shi ya kwanta, don kimono ya zauna sumul. Ba a shanya su a idon jama'a, ba a kuma ɗaga murya wajen kiran sunansu.

Kwana biyu a mako Tsuyako tana wanki a gidan wani hafsan sojan Amurka. Ran nan ta dawo da wani abu da matar gidan ta jefar.

"Yaya Mitsue, zo ki gani."

"Mene ne wannan? Takunkumin doki?"

"Rigar nono ce. Ba danne ƙirji take yi ba, ɗaga shi take yi."

"A ɗaga a nuna wa wa? Ke ko kunya ba kya ji?"

Dariya kawai ta yi. Ta warware ɗinkin, ta zana kowane yanki a kan tsohuwar jarida, ta yanka ragowar silikinmu. Na farko bai zauna ba, na biyu ma haka. Raina ya yi fari ƙal.

Na bakwai ne ya zauna. 'Yan matan da ke aiki a banki da ofishin waya, masu sa rigunan Turawa, suka fara shigowa ta ƙofar baya, kai a sunkuye. Kafin shekara biyu, ta ƙofar gaba suke shigowa, suna jan ƙawayensu. Ina zaune da audugata, ina jin shewarsu a bayan labulen da take yi musu awo.

Duk wannan na shanye, sai ranar da Baba Otose, matar mai ganyen shayi, ta shigo. Shekara ashirin a shagonmu ake yi mata ɗinki. Na miƙe zan ɗauko mata auduga, sai ta leƙa bayana.

"Ƙanwar taki na nan?"

"Baba, har da ke?"

"To ya zan yi? Shekara arba'in ina ɗaure kamar buhun shinkafa. Bari in sha iska kafin in mutu."

Da yamma muna cin abinci, mijina Genzo ya ce, "Kai, yarinyar nan tana da kai." Ni bai taɓa cewa komai a kan ɗinkina ba. Na ajiye tsinken cin abincin, kifin ma ya fita raina.

Washegari na je wajen shugaban 'yan kasuwar layinmu. Na ce masa ƙanwata tana tuɓe matan aure, ta kuma rataye abin a taga inda maza ke wucewa. Ya zo ya yi mata faɗa a gaban mutane. Ta cire abin daga taga. Da ya fita ta juyo ta dube ni.

"Yaya, da kin gaya mini da bakinki."

Wata bai cika ba ta koma birnin Osaka, wani babban kanti ya ɗauke ta.

Shekara huɗu ba mu ga juna ba. Sai ga katin gayyata: za ta baje kolin ɗinkinta a hawa na shida na kantin, mata zalla. Na ce ba zan je ba, na kuma je. Na zauna can baya. Mata sun fi ɗari uku, har da tsofaffi cikin kimono. 'Yan mata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya cikin leshi, fari da baƙi da ruwan hoda, ana tafi, babu mai rufe fuska. Aka kira sunan Tsuyako, ɗakin ya ɗauka da tafi. Hannuwana suka ƙi ɗaguwa daga cinyata.

A jikin yarinya ta biyar na hango ɗinkin gefe ya ɗan tattare. Daɗin da na ji, har yau ina jin kunyarsa.

Da aka tashi ta ratso mutane ta kama hannuna.

"Yaya, kin zo!"

"Ɗinkin ta biyar ya tattare."

"Na gani. Masu ɗinki goma sha biyu gare ni, babu mai hannunki. Ki taho mana."

"In yi aiki a ƙarƙashinki?"

"Tare da ni."

"Sunan wa ke jikin allon wurin aikin?"

Na zare hannuna, na je na hau jirgin ƙasa.

A makon nan na rufe shago da rana tsaka, na auna kaina, na ɗinka rigar nono guda ɗaya da farin siliki. Ɗinkin ya kwanta luf, ko'ina. Na sa, na tsaya gaban madubi na daɗe. Kafaɗuna suka miƙe, numfashina ya sake. Abin ya yi mini daɗi a jiki, wannan ya ƙara ba ni haushi. Ban taɓa gaya mata ba.